Shin dole ne mai neman jinsinsa ya zaɓi likita na musamman?

Malam Habu: Ni a ganina wannan neman likitan da ba ya ƙyamar masu neman jinsinsu wahalar da kai ne kawai. Jikin ɗan'adam ɗaya ne, kuma kowane likita aikinsa ya wajabta masa riƙe sirrin mara lafiya. Mutum ya je wurin wanda ya samu, ya faɗi abin da ke damunsa, ya yi shiru a kan sauran.

Dakta Hadiza: Malam Habu, in zazzaɓi ne ko hawan jini, na yarda da kai. Amma a cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa, shirun nan yana cutarwa. Gonoriya da kalamidiya suna zama ne a inda suka shiga jiki. Namijin da ya kamu a maƙogwaro ko dubura, gwajin fitsari zai nuna lafiyarsa ƙalau, don fitsari hanyar fitsari kaɗai yake bayyanawa. Sai an shafo samfur da ɗan tsinke mai auduga daga maƙogwaro, an shafo wani daga dubura, an haɗa da fitsarin. Abin da ya fi damuna shi ne a wuraren nan biyu galibi babu wata alama. Likitan da bai tambaya ba, ba zai rubuta gwajin ba, mutum ya tafi da cutar yana ganin an wanke shi.

Sista Rabi: Ga kuma rigakafi, Dakta. Maza masu neman maza ana ba su shawarar allurar ciwon hanta nau'in A, sau biyu da tazarar wata 6 aƙalla, da ta nau'in B, sau uku: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. Akwai ta HPV ma, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa da wasu sankarori. Mata masu neman mata kuwa, sau da yawa ana ce musu ba sa buƙatar gwajin sankarar bakin mahaifa tunda ba sa tare da namiji. Kuskure ne babba, domin HPV ta haɗuwar fata take yaɗuwa.

Malam Habu: To ai duk abin da kuka lissafa ƙwarewa ce, ba son mutum ba. Kuma kun tsallake haɗarin. A ƙasashen da doka ke hukunta wannan, shiga asibitin da aka san shi da su kaɗai ya isa a nuna mutum da yatsa, balle a rubuta a fayil.

Malam Isiyaku: Haɗarin gaskiya ne, Yaya Habu, ba na musu. Sai dai ƙwarewa ba ta amfanar wanda tsoro ya hana shi zuwa. Maganin gaggawa na bayan haɗarin kamuwa da HIV, wato PEP, dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Wanda ya yi kwana uku yana tunanin irin kallon da za a yi masa, lokaci ya ƙure masa. Sannan mu a ɓangaren magani muna fargabar haɗa sildenafil, maganin ƙarfin maza, da ruwan nan na shaƙa mai sinadarin naitirait, don jini na iya faɗuwa ƙasa warwas. Wa zai faɗi yana shaƙar abu ga likitan da ya ɓata rai tun tambayar farko?

Dakta Hadiza: Kuma ana iya auna likita ba tare da mutum ya tona kansa ba. A kira asibitin a tambaya: kuna ba da PrEP, wato maganin da ake sha tun kafin haɗari don kare kai daga HIV? Kuna gwajin maƙogwaro da dubura? In ma'aikacin ya amsa kai tsaye kamar tambayar yau da kullum, alama ce mai kyau. Asibitocin lafiyar saduwa da ƙungiyoyin da ke aikin HIV su suka fi sanin likitocin da za a amince da su. Zuwan farko a je da ƙaramar matsala, a lura: yana tambaya "abokin zamanka namiji ne ko mace?" ko kuwa ya yanke hukunci da kansa? A tambaye shi su wa ke iya buɗe fayil, da abin da doka ta tilasta masa ya kai rahoto. In ya fara zancen zai "warkar" da mutum, a canza shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire neman jinsi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa tun 17 ga Mayu, 1990. Haka wanda ke mai da kowane tari zancen HIV, shi ma bai iya aikin ba.

Sista Rabi: Game da fayil, Malam Habu, ba a buƙatar mutum ya kira kansa da wani suna. Ya ce "ina so a gwada maƙogwaro da dubura" ya wadatar, kuma asibitoci da yawa suna barin mutum ya ɗauki samfurin da kansa a bayi. Wanda ke ƙarƙashin inshorar iyaye ko ta wani, ya bincika ko ana aika wa mai inshorar bayanin gwaje-gwajen.

Malam Habu: Har yanzu ina kan bakana cewa ba kowa ke da zaɓi ba. Da yawa za su raba: likitan gida daban, na sirri daban.

Dakta Hadiza: Su raba in hakan ya fi musu kwanciyar hankali, amma likitan gida ya san sunan maganin da ake sha. Tenofovir da ke cikin ƙwayar PrEP ta ƙoda yake fita, don haka ana duba ƙoda, kuma ba a so a riƙa haɗa shi da magungunan rage ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen na dogon lokaci. Ana gwajin HIV kafin farawa da duk bayan wata 3. Mai ciwon hanta nau'in B kuwa kada ya daina sha ba da sanin likita ba, don ciwon na iya tashi da ƙarfi.