Ina itacen kariya na daji ya shiga ne?

Dan_Dakoro:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni a kan kariya, wannan mai kututture kamar tulu da hure ja-ja da ke hitowa da rani lokacin da ko ganye babu a jikinta. Da can in ka bi hanyar Maradi zuwa Dakoro kana hangenta a fako da wajen duwatsu, yanzu sai a tukunya ƙohwar gidajen masu hali. Ƙarewa take yi ne?

Malam_Gandu:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Sunanta na kimiyya Adenium obesum, kuma tana da faɗin ƙasa, tun daga Senegal har Sudan da Somaliya da kudancin ƙasar Larabawa, shi ya sa ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda ba su cikin haɗari. Amma wannan lissahin duniya ne ba na karkararmu ba. Ita ruwa take tarawa a kututturen nan, tana son ƙasa mai tsakuwa ko rairayi inda ruwa bai kwanciya, ga jinkirin girma, to in aka share fako aka yi gona ko wani ya zo da diga ya tone ta ya ɗora a amalanke, itacen da ya yi shekaru yana girma ya tahi kenan rana guda. Inda doka ke da ƙarhi sai irin su gandun Gadabeji da aka keɓe tun 1955, can an hana sara da tono.

Maman_Nana:
Malam ka faɗi gaskiya. Ni abin da ke ban tsoro ruwanta, dahi ne, maharba na da suna sa shi a kibiya, ko akuya ba ta cinta. Mai yara ƙanana a gida ya kiyaye don Allah.

Dan_Dakoro:
To Malam wanda ke so a gidansa fa?

Malam_Gandu:
Kada ya sayi ta daji. Ya yanki reshe ya bar shi ya sha iska kwanaki kaɗan sannan ya dasa, tana kamawa. In kuma kututture mai kauri yake so sai iri, yana cikin kwanso biyu masu kama da ƙaho, a ɗaure su da zare kahin su fashe don irin gashi gare shi iska na kwashe shi. Kuma Hajiya ta yi daidai, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ruwan, kar ya shiga ido.