In shiga ƙungiyar masu jiragen ruwa ko in tsaya ni kaɗai?

Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ni mutumin Daura ne, Baba ya rasu ya bar mana kwale-kwale biyu a dam ɗin Daberam. Ɗaya na kamun kifi ne, ɗaya na fito, wanda sai damina ta kankama yake kawo abin kirki.

Wata uku ke nan ana bi na in shiga ƙungiyar masu jirage. Akwai kuɗin rajista, ga na wata-wata. Hujjarsu: idan hukumar NIWA, mai kula da sufurin ruwa na cikin ƙasa, ko jami'an jiha suka zo da maganar rigar kariya da hana tafiyar dare, da ƙungiya ake zama, ba da mutum ɗaya ba. Wannan na yarda.

Abin da ya tsaye mini a rai, Baba ya shekara da shekaru yana biya, amma ranar da gindin jirginsa ya tsage, mu muka yi ta kwalfe ruwa da ƙwarya, ko ƙusa ɗaya ba a kawo mana ba. Kawu kuwa cewa yake, "Yaro, sarkin ruwa ya ishe ka."

Masu jirage a dam ɗin Zobe, Jibiya da Ajiwa, don Allah me ƙungiya ta taɓa tsinana muku? In na ƙi shiga, za su iya hana ni ɗaukar fasinja a mashigi?