Pon na gaba ya ƙi daidaita bayan karo

Salamu alaikum, iyayen gidana masu gyaran mota. Land Cruiser 79 gare ni a nan Damagaram. Babbar mota ta buge ta a hanyar Tanut, pon na gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba biyu, ya lanƙwashe ta dama. Bakanike ya gasa shi ya miƙar, amma har yanzu tana ja dama, tayar tana cinyewa ta ciki, mai kuma na tsiyaya a gindin ƙafar ko da an sa sabuwar robar tare mai. Ni dai hankalina bai kwanta da ƙarfen da ya sha wuta ba, ga lodi ga rairayi. In na sayo wani pon na hannu daga Kano, yaya zan tabbatar haƙoran giyarsa sun zo daidai da na pon ƙafafun baya? Don Allah a taimaka.