Stop-motion da Hausa, wane suna za mu raɗa masa?

Masu harkar fassara da 'yan fim ku matso dan Allah, akwai kalmar da nake so mu gama da ita yau. Stop-motion. Irin fim ɗin nan da ake jera 'yan tsana ko mutum-mutumin laka ko 'yan Lego a kan tebur, a ɗau hoto ɗaya ƙyas, a ɗan matsa hannun 'yar tsanar kaɗan, a sake ɗauka, a sake matsawa, haka haka har sai an jera hotunan an sake su da gudu ka ga abu na tafiya da kansa. In yaranku na kallon Shaun the Sheep toh shi ne, kamfanin Aardman na garin Bristol a Ingila ke yinsa.

Abinda ya taso da zancen shine masu maimaita shahararrun wasannin ƙwallon Amurka da 'yan tsana. Ɗauki misali Super Bowl, wasan ƙarshe na kakar ƙwallon Amurka, na Fabrairun 2008, tsakanin ƙungiyar Giants da ta Patriots. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, ana cin Giants 14 da 10, an riƙe rigar Eli Manning mai jefa ƙwallo na Giants kamar za a kayar da shi ya fizge ya wurga ƙwallon, abokin wasansa David Tyree ya yi tsalle ya danne ta da hannu a jikin hular kwanonsa Rodney Harrison na Patriots na ta kiciniyar ƙwacewa har suka zube ƙasa bata faɗi ba, ƙarshe Giants suka ci 17 da 14 alhali Patriots ba wanda ya doke su duk kakar. Toh mai son maimaita wannan a kan tebur 'yan wasa 22 ne a gabansa. In ma hoto 12 yake ɗauka a kowace daƙiƙa, daƙiƙa 10 hoto 120 kenan, kuma kowane hoto sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya matsa musu ƙafa da kafaɗa. Ita ƙwallon da ke sama da siririyar waya ake tokare ta, daga baya a goge wayar a kwamfuta hoto bayan hoto. Gwiwar hannunka ta bugi tebur ko fitila ta gusa, shikenan a koma baya. Aikin da ake sha wa wannan wahalar ai bai kamata a ce bashi da suna a bakinmu ba.

Na farko da kowa ke kawowa wai katun. Ni ban yarda ba. Katun a kunnen Bahaushe zane ne, Tom and Jerry, shi ko wannan abu ne na gaske mai jiki da inuwa, in ka ƙura ido a kan na laka har shatin yatsan mai aikin kana gani. Zane mai motsi ma matsalar ɗaya ce, ba a zana komai ba.

Wata 'yar uwa ta ce fim ɗin 'yar tsana. Ya fi kusa gaskiya, kuma yaro zai gane nan take. Amma hajiya akwai fim ɗin 'yar tsana da ake zura hannu a ciki ko a ja ta da zare kamara na ɗauka kai tsaye, wannan daban ne. Sannan ana yin stop-motion da takarda, da yashi, da ashana, har da mutane masu rai, kinga 'yar tsana bata rufe su ba.

Wani kuma ya fassara kai tsaye, tsaida-motsi. Wannan in ka faɗa wa mutum zai zaci ka danna wa bidiyo madannin tsayawa ne, alhali abin nan sandararre ake sa wa motsi, sunan ya juya maganar.

Mutanenmu na Nijar sun ce su a Faransanci hoto-bayan-hoto ake cewa, kuma su kam suna da bakin magana, don marigayi Moustapha Alassane da ya zauna a Tawa ya yi wannan aikin tun tuni, fim ɗinsa Samba le Grand a 1977 da 'yan tsana ya yi shi, akwai kuma Kokoa inda ya sa kwaɗi suna kokawar gargajiya a fage. Wato tun kafin mu ga masu ƙwallon Amurka a waya wani a ƙasar Hausa ya riga ya maida filin wasa kan tebur. Hoto-bayan-hoto ba laifi, sai dai ai kowane fim hoto bayan hoto ne in aka bi diddigi.

Nawa shine motsa-ka-ɗauka. Hausa ta saba raɗa suna daga yadda abu ke aiki, faɗi-ka-mutu, dafa-duka, a-daidaita-sahu, ita kanta ragbi ai zari-ruga 'yan jarida suka ce ya zauna. Wannan ma aikin kenan gaba ɗaya, ka motsa, ka janye hannu, ka ɗauka. Wani abokina ya ce sunan ya yi kama da sana'ar 'yan sane a tasha, nayi dariya sosai, amma malam a bakin 'yan fim ɗauka ɗaukar hoto ce, ba mai ruɗewa. Ya ce toh motsa-ka-ƙyasta, yana da daɗi amma ashana zata fara zuwa ran mutane.

Gwada shi a jimla kuji. Yaron nan motsa-ka-ɗauka yake yi da wayarsa. An maimaita cafkar Tyree da motsa-ka-ɗauka. King Kong na 1933 da motsa-ka-ɗauka aka yi goggon birin. Ya shige ba tuntuɓe. In ana son rarrabewa sai a ƙara na laka, na takarda, na Lego.

Inda na maƙale shine sunan mai aikin, mai motsa-ka-ɗauka ya yi tsawo, ɗan motsa-ka-ɗauka kuma ya ƙara ba abokin nan nawa makami. Masu Hausar Sakkwato da Damagaram ku kawo naku.