Shawara kan haruffa masu kauri da siriri don sitikar turare

Mai turare, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina son a yi min sitikar kwalaben humra da allon shago. Akwai wani irin rubutu da nake gani a jikin kwalin turaren waje, harafi ɗaya amma wani gefen da kauri, wani gefen siriri kamar gashi, ga 'yar ƙafa a ƙasan kowanne. Me ake ce masa, kuma zai yi min?

Mai zane, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam Hajiya. Dangin Bodoni da Didot kike nufi. Shi ne irin wanda ke kan mujallar Vogue. Yaranki su nemi Playfair Display ko Bodoni Moda, duk kyauta ne, suna nan a Google Fonts, shafin salon rubutu na Google. Sunan turaren kawai za a rubuta da shi, da girma, a bar masa fili ya sha iska.

Malamin zane, Daura: Hajiya kin yi ido. Rubutun nan ya haura shekara 200. Giambattista Bodoni mai ɗab'i ne a garin Parma na Italiya, ya rasu a 1813, matarsa ta fitar da babban kundin haruffansa a 1818. Firmin Didot kuwa a Faris yake, zamaninsu ɗaya. Abin da ya ba su damar siranta layi haka shi ne an samu takarda mai santsi da injin da ke danna tawada daidai. Wannan sharaɗin har yau bai canza ba, siririn layin nan sai takarda mai kyau da bugu mai tsabta. Kyansa kuwa, kaurin yana tsaye cak daga sama zuwa ƙasa, ba ya karkata, ƙafafun a miƙe suke ba lanƙwasa. Ku duba harafin O, gefe da gefe a cike, sama da ƙasa kamar an ja da tsinin alƙalamin kara da aka fiƙe yanzu.

Mai buga kati, bakin Babbar Kasuwa: Malam ya faɗi gaskiya, bari in ƙara daga gaban inji. Kwalbar humra ƙarama ce. In aka rubuta lambar waya da adireshi da wannan salon, ƙananan layukan ɓacewa suke yi, sai 8 ta koma kamar 3, e ta koma c. Mafi muni shi ne farin rubutu a kan baƙi ko ruwan hanta, domin tawada tana ɗan bazuwa ta cinye siririn. Na ga katin ɗaurin aure da aka yi haka da ruwan gwal, sunan ango ya fito raɗau, amma wuri da lokaci sai an kai fitila. Ƙananan bayanai a ba su Montserrat ko Lato, marasa ƙafa, sun dace da shi.

Mai turare: To allon shago fa Alhaji? Shi ai babba ne.

Mai buga kati: Babba ne, amma daga nesa ake karanta shi, mutum na kan babur. Ki sa a zaɓi mai kaurin cikinsu. Rana da ƙurar hunturu siririn suke fara ci, ya dushe, a bar ki da sanduna tsaye. Ni da nawa ne, sunan kawai zan sa da Playfair mai kauri, sauran da wani.

Mai ɗinki, Ƙofar Soro: Kar dai a kawo mana shi a ce a ɗinka a jikin jakar biki. Zare yana da nasa kauri, ba ya sauka ƙasa da haka.

Mai zane: Ni ban yarda a tsorata Hajiya ba. Bodoni Moda an yi shi ne da matakai, akwai na manyan kanu mai siriri sosai, akwai na ƙananan rubutu da aka ƙara wa siririn ƙiba. Wanda ya san zaɓa zai yi sitika da shi lafiya.

Malamin zane: Haka ne ɗana, amma akwai wata matsala tamu ta Hausa da ba a taɓo ba. Da yawa daga cikin salon nan ba su da ƙ da ɗ da ɓ. In babu, kwamfuta sai ta aro daga wani salon, ka ga ƙ ɗaya ta fita daban a tsakiyar kalma, ko ta zama akwati. Wasu sai su cire lanƙwasar, ƙamshi ya koma kamshi, ƙofa ta koma kofa. A kan kwalbar turare wannan abin takaici ne. Kafin a zaɓa, a rubuta Ƙamshi, Ɗanɗano da ɓaure, babba da ƙarami, a gani. Noto Serif Display yana da kauri da siririn nan, kuma haruffanmu suna ciki. In kina da masu saye daga Maraɗi, a duba ƴ ma, don su da ita suke rubutawa inda muke sa 'y.

Mai turare: Ai kuwa da ƙamshi a sunan nawa, kuma ina aikawa Maraɗi ta Jibiya. Allah ya saka da alheri Malam.

Mai buga kati: Abu na ƙarshe Hajiya, in a manhajar zane ta CorelDraw aka yi, mai zanen ya danna Ctrl da Q kafin ya turo, rubutun ya koma zane, don kar injina ya musanya shi. Ki turo yaro da kwalba ɗaya gobe bayan Azahar, mu buga guda biyu, na Noto da na Bodoni, mu manna mu gani kafin ki biya kuɗin sauran.

Mai turare: In sha Allahu zai zo da ƙarama da babba.