Neman agaji: me zan kira "fossile" a rediyo?

Ɗan Abzin: Salamu alaikum. Alhamis da dare zan gabatar da shiri kan Gadufawa, wurin nan na cikin Tenere, gabas da Agadas, inda ƙasusuwan dabbobin da suka rayu kusan shekara miliyan 110 da suka wuce ke kwance a fili. Saƙon dai shi ne a daina ɗibar su ana sayar wa baƙi. Takardar da aka ba ni da Faransanci take, ko'ina fossile. Makiyaya da direbobi ne masu saurarona. Me zan ce?

Uwar Ɗalibai: Wa alaikumus salam. Burbushin halittu. Haka muke koyarwa a aji, haka kuma ake ji a labarai.

Ɗan Abzin: Hajiya, kadan da aka tono a can, Sarcosuchus, kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. In na ce burbushi, makiyayi zai zaci ragowar biredi nake nufi.

Bagobiri: Ka ce ƙasusuwan Samudawa, kowa zai gane.

Malam Na Zaure: A'a, kada a haɗa. Samudawa mutane ne, al'ummar Annabi Salihu (AS). Waɗannan dabbobi ne. Ga tawa: dutsantacce, dutsantacciya, dutsantattu. Daga dutsanta, kamar yadda ƙazanta ta ba mu ƙazantacce. Ai abin da ya faru ke nan: ƙasa ta binne ƙashi, ruwa mai ma'adinai ya ratsa ƙofofinsa ya cike su, har ya koma dutse. Kalma ɗaya, ta ɗauki ƙashi, ta ɗauki itace, ta ɗauki dodon koɗi.

Uwar Ɗalibai: Allah gafarta Malam, wa ya taɓa cewa dutsanta?

Malam Na Zaure: Ni na ce, yau. Jirgin sama ma wani ne ya fara faɗa.

Bagobiri: A bar shi fosil mana. Mun ari mota, mun ari rediyo, ba mu mutu ba.

Malam Na Zaure: Lalaci ke nan. Dubi Jobaria, ƙatuwar dabbar nan da aka tono ƙasusuwanta wajen Ingal. Daga Jobar aka samo sunan, wata halitta ta tatsuniyar Buzaye. Bature ya girmama harshen mutanen wurin, mu kuwa muna rige-rigen aron nasa.

Basakkwace: Ku mutanen Nijar kuna magana sai ka ce ku kaɗai gare ku. Goronyosaurus fa? Sunan Goronyo ne a jikinsa. Dabbar teku ce, daga zamanin da ruwa ya rufe ƙasar Sakkwato. Har gobe ana ganin bawon halittun ruwa cikin farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita.

Bagobiri: Naku ko dinoso, dabbobin nan masu kama da ƙadangare da suka ƙare tuntuni, bai kai ba. Mu muna da Nigersaurus mai haƙora sama da 500, da Ouranosaurus da masanin Faransa Philippe Taquet ya raɗa wa suna a 1976. Ka zo gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ka ɗaga kai.

Basakkwace: Sauran kuma sai a bi Paul Sereno, masanin Amurka da ya tono su, zuwa Chicago a gani ko?

Uwar Ɗalibai: Don Allah ku bari, bawan Allah yana da shiri jibi. Ɗan Abzin, ni abin da nake so su ji shi ne dalilin hanin. Wanda ya tsinci haƙori ɗaya ya sa a aljihu gani yake bai ɗauki komai ba. Amma masu bincike da wurin kwanciyar ƙashin suke aiki: a wane shimfiɗin dutse yake, me ke kusa da shi, ina kai ya fuskanta, ina wutsiya. Daga nan ake sanin shekarunsa da irin dabbar. Iska ce ke yaye rairayi ta fito da su, kuma da sun fito sai su fara farfashewa, balle mota ta bi ta kai. Wanda aka ɗauke ba a rubuta inda yake ba, ya tashi aiki.

Basakkwace: To ka ce ƙasusuwan dauri. Mutan dauri, zamanin dauri, tsofaffi sun san ta. Sai dai in za ka rubuta a allo, kada ka manta lanƙwasar ƙ, in ba haka ba ka tara wa mutanen dauri abin kunya.

Malam Na Zaure: Itacen da ya zama dutse fa, shi ma ƙashi ne? Sawun ƙafa fa?

Ɗan Abzin: Gaskiyarka Malam, bai rufe su ba. Amma shirin na ƙashi ne. Da farko zan ce "ƙasusuwan dauri da suka zama dutse", daga baya "ƙasusuwan dauri" kawai. Burbushin halittu zan faɗa sau ɗaya saboda 'yan makaranta. Hajiya, bayaninki zan karanta kusan yadda yake.

Malam Na Zaure: Kalma shida a inda ɗaya ta isa. Ba komai, rediyonka ne. Ni dai a darasina dutsantattu zan ci gaba da cewa.

Ɗan Abzin: Na gode. Saura dinoso, shi ma yana shafi na biyu.

Bagobiri: Kada wanda ya tambayi Malam.