Famfon boila yana cin sil: ko bawul mai mayar da ruwa da kansa zai magance matsalar?

Mai kula da boila, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wata masana'antar gyaran shinkafa a nan Gombe, kuma famfon da ke ɗura wa boilarmu ruwa ya ci sil, wato abin da ke hana ruwa yoyo ta jikin sandar famfo, har sau uku tun bayan damina. Abin da na lura shi ne, idan boila ta cika, bawul ɗin ɗura ruwa ya rufe, famfon yana ci gaba da juyawa, jikinsa ya ɗau zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ana jin ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa. An ba ni shawarar sanya bawul ɗin da ake kira ARV, wato mai mayar da ruwa da kansa, ina roƙon masana su yi mini bayani kafin in kai maganar gaban maigida.

Injiniyan ruwa, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malam. Famfo mai farfela ruwan da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, saboda haka idan aka toshe mafita, ƙarfin motar sai ya koma zafi a cikin ɗan ruwan da ya maƙale. Idan kilowat 7 ya shiga ruwa lita 10, zafin zai ƙaru da kusan digiri 10 a kowane minti, alhali ruwan boila dama da zafinsa yake zuwa. Nan da nan sai ya tafasa, kumfar tururi ta riƙa fashewa a jikin farfela, kuma ƙarar tsakuwar da kake ji ke nan. Sil ya bushe, boris ya biyo baya.

Bawul ɗin ARV ana ɗaura shi a bakin mafitar famfo. A cikinsa akwai faifai mai sifirin wanda ruwa ke ɗagawa. Idan gudun ruwan ya ragu, faifan yana saukowa, saukowar tasa kuma ita ce ke buɗe wata ƙaramar hanya ta gefe da ke mayar da ruwa tanki. Ba ya buƙatar lantarki ko iska, kuma yana hana ruwan boila komowa baya. Amma mafi ƙarancin ruwan da famfon ke buƙata, kamfanin da ya ƙera shi ne ke faɗa, kada a yi kirdado.

Bakaniken famfo, Kumo:
Injiniya, ranka ya daɗe, ban musa ba, amma bawul ɗin yana da tsada, kuma ba ya shiri da ruwa mai datti. Na taɓa kwance wani na tarar yashin rijiyar burtsatse ya riƙe faifan a buɗe. Ga ƙaramin famfo, siririn bututu mai matsattsen rami da ke mayar da ruwa kullum ya wadatar.

Injiniyan ruwa, Bauchi:
Gaskiyarka kan yashi, dole a tace ruwan. Sai dai bututun naka yana zubar da ruwa har lokacin da boila ke neman sa, ga dizal ɗin janareta yana tafiya a banza. Malam mai tambaya, duk wanda ka zaɓa, ka kai ruwan da ke komawa cikin tanki, kada ka haɗa shi da bakin tsotson famfo, domin zafin zai yi ta zagayawa. Idan kuma akwai bawul na hannu a kan wannan layi, a sa masa kwaɗo yana buɗe.